Hannun da Ke Kan Tulun Iri

Da sunan Allah nake buɗe bakina, shi da ya ji maganar nan tun tana cikin ƙirjina. Ni ban san baƙi ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Safiya, autata, ita ce ke rubutawa, tana zaune a bakin gadona. Na ce mata ta gyara maganata yadda za ta karantu, amma abin da mutane suka faɗa da bakinsu ta bar shi yadda suka faɗe shi. Domin ku nake yi, 'ya'yana da 'ya'yanku. In kun ga tawada ta baje a wani wuri, ba laifin Safiya ba ne, ni ce nake kuka a kan takardarta.

Wata huɗu da kwana goma na yi a ɗakin nan na Mafara ina takabar babanku. Mutane suna shigowa gaisuwa suna fita, ina amsawa, amma rabin jikina ba ya nan. Da azahar, in rana ta faɗo ta tagar can ta kwanta a kan tabarma, sai in ga tsohon gidanmu na bayan Ruwan Gizo ya taso a cikin hasken. Dangar kara, tsamiyar ƙofar gida, turmin da gindinsa ya tsage. Ina jin tarin surukina daga turakarsa. Ina jin kaji. Wani lokaci babanku yakan wuce ta cikin hasken da hauya a kafaɗa, yana matashi, ba ya waiwayowa, ni kuma ba na iya kiransa domin ban taɓa kiran sunansa ba. Sai mai babur ya danna oda a bakin titi, komai ya watse, in ga ni kaɗai ce da carbi a hannu. Na yi kewar mutumin nan, wallahi na yi. Shekara hamsin da wani abu ina jin numfashinsa, yanzu ɗakin ya yi mini faɗi.

Abin da kuka tashi kuka tarar ana faɗa shi ne Baffanku Labbo, ƙanin babanku, ya sace irin geron gidanmu a shekarar yunwa ya sayar, kakanku ya kore shi, ya tafi Faru. Da wannan kuka girma. Ba ku zuwa sunan gidansa, ba ku zuwa bikinsu, 'ya'yanku ma da ba su taɓa ganinsa ba sun san ana kiran gidan nan gidan ɓarawon iri. Ni na zo in gaya muku ba haka aka yi ba.

Daga Damri aka kawo ni gidan. Gandu ne, kowa na noma gona ɗaya, ana ci daga tukunya ɗaya. Kakanku, wanda muke kira Tsoho, shi ne kan gida. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, sai ƙanwarsa, Gwaggo Ige, ke riƙe da ludayi. Tsoho yana da wata al'ada da ya gada wurin ubansa. In an yi girbi, shi da kansa yake bin dammuna yana zaro zangarkun da suka fi cika. Shi zai sussuke su, ya sheƙe, ya gauraya ƙwayar da toka don ƙwari, ya zuba a wani babban tulu baƙi. Sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya liƙe bakin, kuma tun lakar tana ɗanya ya danna tafin hannunsa na dama a kai. Hannun nan shi ne makulli. Tulun yana zama a lungun turakarsa, an rufa masa fatar akuya, ba mai ɗaga fatar sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Geron gidan ma daban ne, gajere ne, yana nuna da wuri, kuma kununsa yana da wani ƙamshi kamar na ƙasa in an yayyafa mata ruwa. Ni ce ƙaramar suruka, ni ke share turakar ina cika masa randa, saboda haka na san tulun kamar yadda na san ƙafata.

Labbo a lokacin saurayi ne, ya kai aure, har an kai gaisuwa gidan wata yarinya a Ruwan Gizo. Bahago ne, shi ya sa lauje ya datse masa ƙaramin yatsan hannun dama tun yana ƙarami, ya rage guntu. Wasan ƙanin miji muke yi da shi, kuma shi kaɗai ne a gidan nake iya ɗaga kai in yi dariya da shi. In ya dawo daga gona tun daga zaure zai fara.

"Amarya! Ina tuwon mijinki na gaskiya? Wancan aro kika yi."

"Tahi can, mai yatsa tara da rabi. Wa za ta aure ka?"

"Ke mana. Jira nika ki gaji da tsoho."

Gwaggo Ige takan ce mu yi mata shiru, amma ita ma tana murmushi.

A gidan nan na haifi ɗan farina, wanda kuke kira Babba. Ku 'yan yanzu ba za ku gane kunyar ɗan fari yadda muka yi ta ba. Ba na kiran sunansa. Ba na ɗaukarsa a gaban mutane sai an ce mini ɗauki. In ya faɗi a tsakar gida ya fasa baki, sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe, wani ya zo ya ɗaga shi. Ana yabon mace da haka, ni kuma an yabe ni sosai. Gwaggo takan nuna ni ga baƙi ta ce, ga 'yar mutane, ba ka cewa ita ta haihe shi. Ba wanda ya san cewa in na juya baya kunnena yana wurinsa, ina ƙirga takunsa. Da ya isa yaye aka kai shi Damri wurin mahaifiyata, aka ce zai zauna can.

A shekarar ne ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ƙwaya ba. Abin da aka girbe bai kai rabin rani ba. Tsoho dai ya tsinci zangarkunsa, ya cika tulu, ya danna hannu. Kafin bazara rumbu ya koma fanko. Muka shiga cin ganye, busasshiyar tafasa da rama da 'ya'yan aduwa, muna tonon gidan tururuwa muna kwashe ɗan hatsin da suka tara. Yunwa tana da wani abu da ba a faɗa. Bayan kwanaki ciwon cikin yakan lafa, sai duniya ta yi sauƙi kamar auduga. Kana tafiya ba ka jin ƙafarka a ƙasa. Da tsakar rana nakan ji luguden daka daga wajen gari, tabarya uku suna amsa wa juna, in tsaya ina saurare, alhali ba gidan da ake daka a duk yankin. Nakan ga ruwa ya kwanta a fadama yana walƙiya, in nufe shi da tulu, ya ja baya. A cikin wannan halin mahaifiyata ta aiko da yaron, ta ce su ma ba su da abin ba shi.

Da aka sauke shi daga kan jaki ban gane shi ba. Kai ya yi girma, wuya kamar kara, gashi ya yi ja. Ganye ba ya zama a cikinsa, yana ci yana fita. Gwaggo Ige, Allah ya jiƙanta, tana ba shi rabin nata, amma nata ɗin ma ganye ne. Ya daina kuka. Yakan kwanta a inuwar rumbu idonsa a buɗe, yana bin duk inda na yi da kallo, ni kuwa ina wucewa kamar ban gan shi ba. Sau ɗaya na gwada. Na tarar da Gwaggo tana raba fate, matan maƙwabta biyu suna zaune, na durƙusa.

"Gwaggo, yaron ga..."

"Wane yaro?"

Ɗaya daga cikin matan ta tafa hannu.

"A'a! Yau mun ga sabon abu. Ɗan fari taka ma magana? Kunyar ta ƙare ke nan?"

Suka yi 'yar dariya irin ta masu yunwa, ba da mugunta ba. Na tashi na shige ɗaki. Abin da nake so in ce shi ne a roƙi Tsoho ya buɗe tulu ya ba yaron ko tiya ɗaya. Da na faɗa, wataƙila da ya ƙi, don mun sha jin yana cewa iri ba na ci ba ne ko wa zai mutu. Wataƙila kuma da ya ba da, jikansa ne, mai sunan ubansa. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, domin ban tambaya ba. Ko babanku ban yi wa maganar ba. Na fi jin kunyar a ce na damu da ɗana fiye da in yi sata. Rubuta wannan yadda na faɗa, Safiya, kada ki tausasa shi.

Ranar wata Talata maza suka tafi kasuwar Mafara da akuyarmu ta ƙarshe. Gwaggo ta bi mata daji neman ganye. Gidan ya rage ni da yaron da rana. Na shiga turakar Tsoho da tsintsiya, kuma wallahi da niyyar shara na shiga. Haske yana zubowa ta wata ɓula a jinka, siriri, ya sauka daidai kan fatar akuyar. Na tsaya ina kallonsa. Abin da ya biyo baya ina tuna shi kamar wata ce ta yi ni ina gefe. Na ga hannu ya ɗaga fata. Na ga an ɗauko dutse an ƙwanƙwasa lakar, tafin Tsoho ya rabe gida uku. Na ga gero yana kwarara cikin zanena, yana da sanyi, tokar tana tashi a cikin hasken. Na kwashe fiye da rabi. Na juye sauran a ƙwarya, na zuba yashi a gindin tulun, na mayar da geron a sama. Na kwaɓa laka a bayan ɗaki na liƙe bakin. Sai da na zo danna hannu na farka. Na ɗora tafina a kan lakar, ya fito ɗan ƙarami kamar na yarinya. Na shafe, na sake, haka. Ina durƙushe a wurin sai ƙofa ta yi duhu.

Labbo ne. Jiri ya kwashe shi a hanya, Tsoho ya ce ya koma gida. Ya dubi tulun, ya dubi ƙullin da ke zanena, ya leƙa waje inda yaron yake kwance.

"Amarya, mi kin kai?"

Na ƙanƙame ƙullin geron.

"Don shi na?"

Na gyaɗa kai. Shi ne mutum na farko da na yarda a gabansa cewa ɗan nan nawa ne.

"Matsa. Hannunki kamar na ƙadangare, makaho ma shina ganewa."

Ya tsuguna, ya shafe lakar da ruwa, ya danna tafinsa na dama, ya ɗaga. Faɗinsa ɗaya da na ubansa. Ya mayar da fata, ya kwashe ɓaraguzan tsohuwar lakar a aljihu, ya ce in jiƙa geron kafin in niƙa don kada a ji ƙara. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Kuma in kin dama ki rage man, kin ji? Ba a cin amanar miji."

Bai taɓa karɓa ba ko da na miƙa masa.

Kullum da hantsi, in gida ya watse, nakan niƙa tafi ɗaya a kan dutse a hankali, in dama a ƙaramin kasko, in ja yaron bayan rumbu. Ranar farko ya sha ludayi biyu ya yi barci. Bayan mako ya zauna. Bayan mako uku ya kama dangar kara ya miƙe. Waɗannan hantsin su ne kaɗai lokacin da na rungumi ɗana yadda nake so. Ina shinshina kansa, ina yi masa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, inuwar rumbu tana matsowa tana rufe mu. Har yau in na rufe ido nakan ji nauyinsa a cinyata, ba nauyi ba ne ma, kamar an ɗora mini tsuntsu. Gwaggo ta ce rubutun da malamin unguwa ya ba shi ne ya karɓe shi. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ni ma na ce.

Ruwan shuka ya sauka wata safiya, mai yawa. Ƙasa ta yi ƙamshi, yara suna gudu a ciki, tsofaffi suna kuka. Tsoho ya ce a fito da tulu. Babanku da Labbo suka ɗauko shi suka ajiye a tsakar gida, kowa ya taru da ƙwarya. Ni ina bakin madafa. Tsoho ya ɗaga fata, ya yi bismilla, ya ɗauki dutse, sai ya tsaya. A cikin hasken safiya hannun ya fito sarai, yatsu huɗu dogaye, na biyar guntu. Ni sai a lokacin na gani. Tsoho ya ɗora nasa tafin a kai, ya ɗaga, ya sake dubawa. Ya fasa lakar, ya nutsa hannu har gwiwa, ya fito da yashi. Ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Labbo."

"Na'am, Baba."

"Hannun wa na wanga?"

"Nau na."

"Ina irina?"

Labbo ya sunkuyar da kai. Ina jiran ya dube ni. Da ya dube ni ko sau ɗaya, ina jin da na faɗi ƙasa na faɗa. Bai duba ba.

"Na sai da shi Mahwara."

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Tsoho bai ɗaga murya ba, bai kuma zage shi ba.

"Ɗauki abin da an naka. Kak ka koma taka gonag ga ina da rai."

Bakina a buɗe yake. Maganar ta zo har maƙogwarona. Yaron yana riƙe da gefen zanena, yana tsaye da ƙafafunsa. Na ce a raina bari Tsoho ya huce, gobe in faɗa. Labbo ya fita da tabarma da lauje, ruwa na yayyafi, ya bi hanyar gabas. Na bi bayansa da kallo ta ɓular danga har ya zama ɗigo.

Goben ba ta zo ba. Irin da ya rage ya rufe rabin gona, sauran muka shuka wani da aka samo, bai karɓi ƙasarmu ba. Muka sake shan wahala a shekarar, Gwaggo Ige ta rasu kafin sabon gero, mutane suka ce da iri ya cika da ta kai. Gidan yarinyar suka dawo da kayan gaisuwa. Kowane abu da ya faru yana ƙara wa maganar nauyi, ni kuma ina ƙara jin ba zan iya ɗaga ta ba. Tsoho ya yi shekara biyar ya rasu, bai sake ambaton sunan Labbo ba, amma na sha ganinsa da la'asar a gindin tsamiya yana kallon gabas. Labbo ya zo jana'iza, ya tsaya a bayan sahu, ba wanda ya ce masa shigo. Ina ɗebo ruwa muka haɗu a bakin rijiya, Babba yana biye da ni, ya kai shekara bakwai, kumatu cike. Labbo ya dafa kansa.

"Amarya, wanga ƙato hwa? Allah shi raya."

Na buɗe baki, ya girgiza kai, ya wuce. Daga nan sai shekaru. Aka haife ku ɗaya bayan ɗaya, gandu ya watse, muka dawo Mafara. Ina jin labarinsa daga bakin 'yan kasuwa, ya yi aure, yana noman rani, an haifa masa, matar ta rasu, idonsa ya soma ja baya. Ina jin ku kuna faɗin gidan ɓarawon iri ina tuƙa tuwo ban ce uffan ba.

Kwana uku kafin babanku ya cika, da la'asar, ya ce kowa ya fita. Na zauna kusa da shi ina yi masa fifita. Ya rame har ya koma kamannin Tsoho. Ya kama hannuna ya juya tafin yana kallo.

"Uwar yara, hannunki bai ƙara girma ba."

Na ce mene ne na tuna hannu yanzu.

"Na san ke ta. Tun ran nan na sani."

Mafici ya faɗi daga hannuna.

"Na dawo ɗaukar igiya wani hantsi, na ji ƙamshin geronmu bayan rumbu. Na leƙa na gane ku. Kina mai waƙa. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba, sai na koma da baya."

Na ce masa, to ranar tulu fa? Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa.

"Ko ke ko shi. Baba korar ki za ya yi, a raba ki da yaron. Na tsaya ina kallon ƙanena shina hita da tabarma. Kullum ina cewa in tahi Faru, kunya ta hana ni. Ki hwaɗa ma yara. Ni na makara."

Mun kwana a ɗaki ɗaya shekara hamsin, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda, kuma abin ɗaya ne. Na yi kuka a ranar har muryata ta dushe. Ban san ko haushinsa nake ji ba ko tausayinsa. Yanzu tausayin ne ya rage, da kewa. Allah ya gafarta masa, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi. Ya so ni fiye da yadda ya kamata, wani ne ya biya.

Ranar addu'ar bakwai ɗan Labbo na fari ya zo daga Faru a kan babur, duk da yadda hanyar take yanzu. Ya ce babansa ba ya gani, ba zai iya zuwa ba, ya aiko shi da gaisuwa da ɗan buhun gero na sadaka. Ina cikin ɗaki, bango kaɗai ke tsakaninmu da zaure. Na ji muryar Babba, a natse, irin ta kakansa.

"Mun gode da gaisuwa. Geron kuwa ka koma da shi. Gidan ga ba mu cin geron gidanku."

Sai na ji babur ya tashi. Na sa mayafi a baki na cije. A ranar ma ban fita ba.

Jiya na ce wa Safiya ta nemo mini Labbo a waya. Ta sha wuya kafin ta samu lambar ɗansa, kuma sai da aka jagorance shi zuwa wani tudu a bayan gari inda waya ke kamawa. Muryar tana zuwa tana ɗaukewa, kamar daga cikin rijiya, ga iska tana kaɗawa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi mini ta'aziyyar yayansa, muryarsa ta karye. Sai kuma na ji ya yi dariya.

"Amarya, ashe yanzu kin zama tawa. Sai dai kin iske ni ba ido."

Na ce masa, Labbo, zan faɗa musu.

"Hwaɗa mi? Bari, don Allah. Mun tsuhwa. Yaron ga babban mutum na yanzu, kak ki sa shi jin kunya gaban ɗiyanai."

Na ce akwai abin da nake so in tambaye shi tun ranar da aka buɗe tulu. Da ya danna hannun nan, ya manta da yatsan ne?

"Yatsana na hwa, Amarya. Ina mance shi?"

Kuka ya ƙwace mini. Safiya ta riƙe mini wayar a kunne.

"Yaron ya rayu ko bai rayu ba?"

Na ce ya rayu, har ya yi furfura, har ya ga jikoki.

"To mi kika ma kuka?"

Wayar ta katse a nan, aka yi ta gwadawa ba ta sake shiga ba.

Ya ce in bari, kuma sau biyu ke nan yana hana ni. Wannan karon ba zan bi maganarsa ba. Shi ya yafe, amma sunan yana kan 'ya'yansa da jikokinsa, su kuwa ba a tambaye su ba. Ku ji da kyau. Labbo bai sayar da ƙwaya ɗaya ba, bai ci ƙwaya ɗaya ba. Ni na fasa tulu, ni na zuba yashi, ni na yi shiru, babanku ya taya ni shirun. Geron kuwa, Babba, kai ka sha shi, ludayi-ludayi, a bayan rumbu. Ba laifinka ba ne, kana da shekara biyu. Kuma in Allah ya mayar da ni ranar Talatar nan, zan sake fasa tulun. Abin da ba zan sake ba shi ne tsayuwa a bakin madafa.

Ban ce ku yafe mini yau ba. Abin da nake roƙo shi ne ku tafi Faru tun yana da rai, dukanku, ku shiga ta ƙofar gida da rana mutane suna gani, ku durƙusa ku gaishe shi da sunan Baffa. In ƙafata za ta hau mota, da ni za a je.

Safiya, ajiye alƙalamin haka. An kira la'asar, yayanki zai shigo gaishe ni in an fito masallaci. Ki ce ya zauna, ki kira matarsa da yaran, ki karanta masa tun daga farko, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, daidai gabansa. Ba zan shige ɗaki ba.